Fadama Na Zubarwa, Tudu Na Yunwa: Noma da Ɗumamar Duniya a Ƙasar Haɗeja

Gona iri biyu ce a ƙasar Malam Madori, kuma manomi ɗaya yakan mallaki duka biyun. Akwai ta tudu, mai jigawa, inda ake shuka gero da dawa da wake, da riɗi da zoɓo da kankana. Akwai ta fadama, can wajen kogin Haɗeja, inda shinkafa ke sarauta damina da rani, alkama da albasa da tattasai na biye da ita. A zamanin da jirgin ƙasa na Kano zuwa Nguru ke tsayawa tashar Malam Madori yana lodin gyaɗa, tudu ne ke kawo kuɗi. Yanzu kuɗin ya koma fadama, can ne fetur da takin zamani da bashi suka taru. Can ne kuma maganar da ake yi a manyan tarukan duniya, ta rage iskar da ke ɗumama duniya daga gonaki, ta fi shafar mutanenmu.

A watan Nuwamban 2021, a taron sauyin yanayi na birnin Gilasgo, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alƙawarin cewa nan da 2060 Najeriya za ta daidaita iskar da take fitarwa da wadda take shanyewa. A watan ne ya sa hannu kan dokar sauyin yanayi, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince a rage iskar miten a duniya da kashi 30 cikin ɗari kafin 2030. Manomin da ambaliyar 2020 da ta 2022 suka cinye wa shinkafa yana da hujjar ya yi tsaki in ya ji wannan. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin da masana'antu da motocin duniya ke fitarwa. Wasu ne suka ƙona gawayin ƙasa shekara ɗari biyu suka yi arziki, ruwa ya zo ya ci gonarsa, yanzu kuma a ce shi ne zai gyara hali. Ƙorafin gaskiya ne. Sai dai idan aka duba abin da ke tashi daga gonar fadama, kusan dukkansa abu ne da manomin ya saya da kuɗinsa: ruwan da ya ƙona fetur ya jawo, da yuriyar da ya ciwo bashi ya watsa. Ta wannan ƙofar kaɗai maganar za ta shiga kunnensa, kuma a ganina ta nan kaɗai ya dace a shigar da ita.

Iska uku ake magana a kai. Ta farko kabon, wadda ke fita in an ƙona fetur ko kara ko itace. Ta biyu miten, wadda ke fitowa daga abin da ya ruɓe a inda babu iskar shaƙa. Duk wanda ya taka taɓon tsohon kududdufi ya ga kumfa na tasowa, ya gan ta. Ba ta daɗewa a sama, shekara goma sha biyu ko makamancin haka, amma kafin ta baje tana riƙe zafi sosai: kilo ɗaya nata ya kai kilo 80 na kabon in aka auna a shekara 20, ko kusan 27 in aka auna a shekara 100. Ta uku naitros, wadda ke tashi daga takin da shuka ba ta ci ba. Ita kaɗan take fita, amma kilo ɗaya nata daidai yake da kilo 273 na kabon, kuma takan haura shekara ɗari a sama.

Shinkafa ce ta fi jawo maganar miten a fadama. Idan ruwa ya kwanta a fangali kwana da kwanaki, iska ba ta ratsa ƙasa. Wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ba sa rayuwa sai inda babu iska, su hau cin saiwa da kara da takin da ya ruɓe, su riƙa fitar da miten. Mafi yawanta ta cikin karan shinkafar kanta take bi ta fito, domin shinkafa na da ƙananan hanyoyin iska daga ganye har saiwa. A lissafin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2021, gonakin shinkafa ne ke da kusan kashi 8 cikin ɗari na miten da ayyukan ɗan Adam ke fitarwa.

Abin da mutane da yawa ba su yarda da shi ba shi ne shinkafa jure wa ruwa take yi, ba dole sai ta kwana cikinsa kullum ba. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ta daɗe da fito da wata dabara mai sauƙi. A yanko bututun roba mai tsawon santimita 30, a huhhuda rabinsa, a kafa shi a fangali rabin mai hudar na cikin ƙasa, a kwashe ƙasar da ke cikinsa. Bayan dashe da mako ɗaya zuwa biyu, a bar ruwa ya janye. Ko saman ƙasa ya bushe, muddin ana ganin ruwa a cikin bututun, saiwa na sha. Sai ruwan ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa, wato kusan tsawon tafin hannu, sannan a sake ban ruwa ya hau kamar santimita 5. Haka za a yi ta yi, ban da lokacin fure: mako guda kafinsa da mako guda bayansa ba a wasa da ruwa, in ba haka ba a girbe ƙaiƙayi. Gwaje-gwajen da aka yi a Asiya sun nuna ana iya rage ruwa har kashi 30 cikin ɗari, miten ta ragu kusan rabi, amfanin gona kuma bai ragu ba in an bi ƙa'ida.

Dabarar na da nata cikas, kuma malamin gonar da ya ɓoye shi ya cuci manomi. Ruwan da ke kwance shi ke danne ciyawa. An janye shi, ciyawa ta samu sarari, kuɗin feshi ko na 'yan ƙwadago ya ƙaru. Jiƙewa da bushewa kuma na ƙara tashin naitros in an cika taki, don haka wani ɓangare na ribar da aka ci a miten yakan zube ta can. Fangalin da ba a baje shi daidai ba, gefe na nutsewa gefe na ƙishi, bututu ɗaya ba zai faɗi gaskiyarsa ba.

Amma babban cikas ɗin ba na ilimi ba ne. Wa ke riƙe da ruwan?

Manomin rani da ke da rijiyarsa da injinsa, shi ke da iko da ruwansa. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000, babu mai tayar da inji don nishaɗi. Da yawa sun koma ban ruwa sai ƙasa ta nema, wasu sun juya injinansu zuwa gas ɗin girki. Wato tsada ta riga malaman gona koyar da rabin darasin. Abin da bututun zai ƙara wa irin wannan manomi shi ne ma'auni, ya san yaushe ƙasa ke ƙishi da gaske, kada tsumulmular fetur ta sa ya bar shinkafa ta wahala tana da ciki. Wannan tsimin ruwa ma na nufin alƙaluman da aka ɗauko daga gonakin Asiya, inda ruwa ke kwance tun daga dashe har girbi, za su iya zarce abin da gonar inji ke fitarwa a nan, musamman inda ƙasa ke da yashi tana tsotse ruwa da wuri. Kafin a ɗora wa manomin Haɗeja lissafi, a zo a auna a gonarsa. Jami'o'in Dutse da Kafin Hausa da kwalejin Binyaminu Usman da ke Haɗeja ba su yi nisa da fadamar ba.

Labarin ya bambanta a babban aikin ban ruwa na kwarin Haɗeja da ke wajen Auyo, wanda aka gyara da kuɗin Bankin Duniya a ƙarƙashin shirin TRIMING, Shugaba Buhari ya buɗe a farkon 2023. A can ruwa ta magudana yake zuwa, wani ke buɗe ƙofa wani ke rufewa. Manomin da ba shi da tabbacin ranar da ruwa zai sake iso shi, musamman na can ƙarshen layi, in ya samu sai ya cika fangali maƙil, kuma hankali ne ya yi. Ka ce masa ya bar gona ta sha iska kwana huɗu, zai tambaye ka wa zai biya shi in ruwan ya yi kwana goma bai zo ba. Tunda kuma ba da awo yake biyan kuɗin ruwa ba, tsimin da ya yi ba ya dawowa aljihunsa. A irin wannan wuri rage miten aikin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ne tare da ƙungiyoyin masu shan ruwa: jadawalin da ake cikawa, magudanar da aka yashe, hanyar fitar da ruwa da ke aiki, da sashe guda na gonaki da ke dashe lokaci ɗaya don su jiƙe tare su bushe tare. Bietnam, wadda ta ƙaddamar da shirin hekta miliyan ɗaya na shinkafa mai ƙarancin hayaƙi a bakin kogin Mekon a ƙarshen 2023, ta ƙungiyoyin manoma da gyaran magudanai ta bi.

Shinkafar damina kuwa, a fadamar da kogi ke malalowa, babu mai janye mata ruwa sai Allah. A nan maganar bututu ba ta taso ba. Abin da ke da amfani shi ne iri mai jure nutsewa, kamar FARO 66 da FARO 67 da aka fitar a 2017, waɗanda kan yi kusan mako biyu a ƙarƙashin ruwa su farfaɗo. Gonar da ambaliya ta cinye ta riga ta sha taki da fetur da gumi, ta fitar da hayaƙinta, ba ta ba da ko tiya ba. Babu asarar da ta kai wannan ta kowace fuska.

Ga kuma ciyawar kacala. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, kogin da a da ke cika da damina ya ƙafe da rani ya koma mai gudana kusan duk shekara. Wannan ne ya ba kacala wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa daga Haɗeja har Nguru, ta mamaye gonaki da wuraren kiwo da na su, ta zama masaukin tsuntsun jan-baki mai cinye shinkafa. Ruwan da ke tsaye a ƙarƙashinta, cike da ruɓaɓɓen ganye, shi ma matattarar miten ne, kuma ba ya ciyar da kowa. Gwamnatin Jigawa da hukumar kogunan suna yashe hanyoyin da manyan injina, jama'a na yi da aikin gayya. Ban taɓa jin an sa wannan aiki a lissafin rage ɗumamar duniya ba, alhali ya cancanta. Sai dai muddin sakin ruwa daga dam bai bar kogin ya riƙa shan iska da rani ba, abin da aka yanke bana zai tsiro baɗi.

Sai taki. Buhun yuriya mai kilo 50 na ɗauke da kilo 23 na naitirojin, sinadarin da ke sa ganye kore. Idan aka watsa shi a kan ruwa, da rana tsaka, shinkafa ba ta cika cin fiye da kashi ɗaya cikin uku ba. Saura ya bi iska, ya bi ruwa, kaɗan ya maƙale a ƙasa. Warin da ke tashi a fangali kwana biyu bayan watsa taki, kuɗin manomi ne ke tafiya. Kuma kafin buhun ya iso Haɗeja an ƙona gas mai yawa wajen yin sa a masana'antun Legas ko Ribas, an ƙona dizal wajen jawo shi. Maganin da aka gwada a Bangaladash, aka kuma kawo Arewacin Najeriya, shi ne dunƙulen yuriya: a cusa ƙwaya ɗaya cikin taɓo, zurfin santimita 7 zuwa 10, a tsakiyar gindi huɗu, kamar mako guda bayan dashe, sau ɗaya tak a kaka. Yuriyar da ake buƙata na raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku, amfani kuma yakan ƙaru. Me ya hana shi bazuwa? Yana son dashe a layi, yana cin ƙwadago da ciwon baya, kuma sau da yawa in shirin da ya kawo shi ya ƙare, manomi ya je kasuwa ya rasa dunƙulen. Ko babu shi akwai abin yi: a raba takin kashi biyu ko uku, a rage ruwa kafin a zuba, a toshe mafita kada ya gudu gonar maƙwabci.

Da an hau tudu sai maganar ta juye, kuma a nan ne masu kawo shawara daga waje suka fi yin kuskure. Gonar gero a jigawar Malam Madori ba ta fama da yawan taki, yunwarsa take yi. A taron Abuja na 2006 shugabannin Afirka sun sa burin kai kilo 50 na sinadarin taki a kowace hekta kafin 2015. Najeriya har yanzu ba ta kai ba, alhali manomin Sin na zuba ninkin haka sau da yawa. Ƙasar da aka noma shekara da shekaru ba a mayar mata da komai ba takan gaji, ƙuduji ya kama ta, dami ya ragu. Mai gida da bakuna goma ba zai zauna ba: zai sare sauran daji, ya shiga burtali da makiyaya, ya faɗaɗa gona. Itacen da aka sare da ƙasar da aka tone su ma kabon suke saki, ga rigima da makiyaya a kai. Saboda haka ma'aunin da ya dace da mu shi ne hayaƙin da ke bayan kowane buhu, ba na kowace hekta ba. Hektar da ta ba da buhu ashirin da ɗan taki ta fi hekta biyu da suka ba da goma-goma babu taki. Wanda ke ganin a daina takin zamani dare ɗaya ya tambayi Siri Lanka: ta hana shigo da shi a Afrilun 2021, noman shinkafa ya faɗi warwas, kafin shekara ta ƙare aka janye dokar, a Yulin 2022 kuma shugaban ƙasar ya tsere daga fadarsa, kodayake ba taki kaɗai ya kore shi ba.

Abin da tudu ke so shi ne taki kaɗan a inda ya dace. Masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore a Nijar sun nuna cewa cikin murfin kwalba na kamfa, a binne a gindin shuka, yana ɗaga amfanin gero sosai fiye da a watsa mudu a iska. A haɗa da takin gida, a riƙa surka wake da gyaɗa waɗanda ke ɗebo naitirojin daga iska su ajiye a ƙasa. Sannan gawo. Kakanninmu ba su karanta kimiyya ba, amma sun san geron gindin gawo ya fi na fili. Itace ne mai zubar da ganye da damina, lokacin da shuka ke son rana, ya yi kore da rani, lokacin da dabba ke neman inuwa da 'ya'yansa. A jihar Maraɗi, tun daga 1983, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo da manoman yankin suka farfaɗo da dabarar barin kututture ya tofo, a zaɓi reshe biyu ko uku a rene su, a sassabe saura. Suna kiranta sassabin zamani. An ƙiyasta ta dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, galibi a Maraɗi da Damagaram, ba tare da an dasa ba. Ƙasarsu da tamu ɗaya ce, harshe ɗaya, daga Maigatari tsallake ne kawai. Abin da ya sa ta kama a can shi ne manomi ya samu tabbacin itacen da ya rena nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba, ba na mai gatarin dare ba. Shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021 don jihohin Arewa, da zai sa ƙarfinsa a wannan tabbaci, da ya fi rabon dashen da akuya ke cinyewa kafin kaka.

Karan shinkafa ya haɗa tudu da fadama da makiyayi. A ƙona shi don a yi saurin shiga noman rani, hayaƙi ne da asarar abincin dabba. A turmuɗe shi ɗanye cikin taɓo a sako ruwa nan take, an ba masu yin miten abinci ne. Gara a kwashe a ba shanu, ko a tara ya ruɓe a fili, kashin da takin su tafi tudu inda ake nemansu. Shanu da tumaki da awaki, ta hanyar gyatsar da suke yi in suna tuƙa, su ne mafi girman tushen miten a noman Najeriya, sun fi shinkafa nesa. Babu mai hankalin da zai ce Bafulatani ya rage garke don a huce Turai. Amma saniyar da ta samu harawa da dusa da rigakafi takan yi nama da nono da wuri, hayaƙin kowace ƙwaryar nono ya ragu, kuma tsohuwar al'adar sauke garke a gona bayan girbi ta fi kowane shiri araha, in an samu zaman lafiyar yin ta.

Kwanan nan an fara jin masu cewa za a biya manomi kuɗin kabon in ya rage hayaƙi. A saurare su, amma a karanta takarda kafin a dangwala. Auna miten a dubban ƙananan gonaki na da wuya da tsada, abin da ke isa hannun manomi bayan dillalai sun cire nasu ba ya da yawa, kuma kasuwar ta sha kunya: a 2024 Verra, babbar mai tantance irin wannan ciniki, ta yi watsi da ayyukan shinkafa 37 a ƙasar Sin saboda an zuzuta alƙaluma. Dabarar da ba za ta biya kanta da buhu ko da ragin fetur ba, kada a dogara da kuɗin kabon ya riƙe ta.

Injin sola ya fi wannan tabbas, shi ya sa duk wanda ya samu hali yake saye. Yana kashe kuɗin fetur da hayaƙinsa gaba ɗaya, matsalarsa tsadar farko, wadda bashi mai sauƙi ko sayen haɗin gwiwa zai warware. Amma akwai tarko a ciki. Tsadar fetur ce ta koya wa manomi tsimin ruwa. Ran da jan ruwa ya zama kyauta, hannu zai saki, fangali ya koma kwana cikin ruwa, miten da aka kora ta dawo, a wasu gonakin ma ta iya cinye ribar fetur ɗin da aka daina ƙonawa. Ruwan ƙarƙashin fadama kuma ambaliyar kogi ce ke cika shi kowace shekara, ambaliyar da dam-dam suka riga suka rage, kuma Indiya ta ga yadda wutar ban ruwa ta kyauta ta zurfafa rijiyoyin Punjab. Duk hukuma ko kamfanin da zai raba injin sola a Malam Madori da Auyo da Kirikasamma, ya haɗa kowane inji da bututun awo da malamin gona da zai dawo duba shi a tsakiyar rani, a kuma sa wasu rijiyoyi a kowace fadama da za a riƙa auna zurfin ruwansu wata-wata.